Yatsun Baba

Ina aji huɗu aka kawo kwamfuta sakandarenmu a Kafanchan. Guda ɗaya ce, an lulluɓe ta da leda, kuma sai an cire takalmi ake shiga ɗakinta.

Wata Juma'a da yamma Baba ya zo ganinta. Tun kafin a haife ni yake buga tafireta a ofishin reluwe, kuma a lokacin ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Malam Bitrus, mai kula da ɗakin, ya ja masa kujera.

Baba ya gyara zama, ya fara buga sunana da ƙarfin da ya saba, har teburin yana motsi.

"Baba, a hankali," in ji Malam Bitrus. "Wannan ba ta son ƙarfi."

Baba ya janye hannuwansa, ya ɗora a cinya, ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Zo ki ƙarasa," ya ce mini.

Na ƙarasa. Yau da kwamfuta nake cin abinci, kuma abokan aikina kullum suna ƙorafin ina buga ta da ƙarfi. Na ƙi ragewa.