Tsohuwar da Ke Layin Likita

Lauyan ya yi zumbur ya miƙe, ya ba wata tsohuwa mai takunkumi kujerarsa a layin ganin likita.

"Zauna, Iya. Kin gan ni nan? Na haura sittin, amma ko gwiwa ba ta damuna. Magunguna uku likitoci suka haɗa mini, masu rage saurin tsufa. Ku matsalarku, ba kwa kula da kanku."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sauke takunkumin.

"Yaushe zan kula da kaina, Yaya? Tunda ka daina zuwa gida, ni kaɗai nake ɗaga Mama, nake kwantar da ita."

Autarsu ce. Duk layin aka zuba masa ido, ya rasa inda zai sa fuskarsa.