Rahoton Uzairu

Uzairu ya taɓe baki yana kallon ɗan leƙen asirin cikin talabijin, wanda ke zufa gaban tsohuwar kwamfuta mai haɗe da layin tarho, zai tura sirrin ƙasarsu.

"Dubi sakarai, Kawu! Yanzu za a kama shi."

Kawun nasa, Alhaji Sallau, ɗan takarar ciyaman na Rano, ya ci gaba da kallo. Uzairu ya gama raina wayon tsohon. Tun damina yake tura sirrin kamfen ɗin Alhaji ga wata lamba da aka ce ta abokin hamayya ce.

Ya faki ido ya tura rahoton yau.

Aljihun Alhaji ya yi ƙara. Ya zaro wata ƙaramar waya, ya karanta, ya yi tsaki.

"Ko cin amanar ma ba ka iya ba. Taron gobe a Zinyau ne, ba Dawaki ba."