Salka Ɗaya Zuwa Sawakin

Tun da aka kai geron ƙarshe rumbu, Malam Maude na Yasore ba shi da zance sai na Makka. Shekara biyu ke nan da dawowar sojoji daga yaƙin Bama, kuma labari ya cika kasuwar Batsari cewa yanzu manyan motoci suna bin hanyar gabas, tafiyar da kakanni ke yi shekaru a ƙasa ta koma ta 'yan watanni. Maude ya sayar da shanunsa, ya ce da iyalinsa zai tafi: matarsa Shafa'atu, da 'yarsu Suwaiba mai shekara bakwai, da ƙanenta Mamman wanda bai daɗe da yaye ba.

Mahaifiyarsa Inno ta roƙe shi ya bar mata yaran, ya ƙi. Da ta ga ba zai lanƙwasu ba, sai ta ce ko don darajarta ya je Safana ya ga Alhaji Ɗantsoho, dattijon da ya taɓa zuwa ya dawo.

Bayan sun gaisa, Alhaji ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce masa bazara ta kawo kai, kuma ba a shiga sahara da ƙananan yara a irin wannan zafi. Ya jira ayarin mutanen Safana da zai tashi bayan kaka, ya fara zuwa Katsina a yi musu allurar lamba a ba su takarda, kuma kowane rai a tanadar masa salkar ruwa tasa.

Maude ya yi murmushi ya ce, “Baba Alhaji, wanda ya nufi ɗakin Allah, ai Allah ne ke shayar da shi.”

“Haka ne, Malam,” in ji tsohon. “Amma kai ka zaɓi hanyar nan, yaran ba su zaɓa ba.”

A ransa Maude ya ce tsufa ne ya sa wa Alhaji tsoro. Ko da Shafa'atu ta tambaye shi abin da dattijon ya faɗa, cewa ya yi ya sa musu albarka. Ranar wata Alhamis suka tashi da buhun gero, da daƙuwa, da littattafansa, da salka guda ɗaya.

Daga Kano zuwa Yarwa tafiya ta yi daɗi, har Maude yana zolayar matarsa da cewa ina wahalar da ake faɗa. Amma da suka wuce Abashe, a ƙasar Wadai, sai garuruwa suka yi nisa da juna, itatuwa suka ƙare. Ruwan salka bai kai su rijiya ta gaba ba, suka ɗebi na wani kududdufi. Washegari Mamman ya kama zawo.

A wannan hali ƙarfen ƙafar babbar motar da suke ciki ya karye a tsakiyar rairayi. Direba ya tafi a ƙasa neman taimako. Ranar farko fasinjoji sun taimaka musu da ruwa. Rana ta biyu kowa ya rungume salkarsa, don kowa da nasa 'ya'yan. Maude ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, ya samo abin da bai cika ludayi ba. Shafa'atu ta riƙa jiƙa bakin mayafinta tana ɗiga wa yaron a leɓe. Da farko yana kuka, daga baya kukan ma ya daina fita.

A rana ta uku, tsakanin azahar da la'asar, Mamman ya cika a cinyar uwarsa. Ba a sami ruwan yi masa wanka ba, sai taimama aka yi masa. Maude da hannunsa ya tona ramin a gindin wata ƙaya. Kafin rana ta faɗi direba ya dawo da raƙuma ɗauke da ruwa.

A gefen kabarin ne Maude ya gaya wa matarsa dukan abin da Alhaji Ɗantsoho ya ce. Ta dube shi. “Malam, da ka faɗa mini, da na goya salka biyu tare da shi,” ta ce. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har abada, kuma wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Bayan wata uku suka isa Sawakin, bakin teku inda ake shiga jirgin Jidda. Ma'aikata suka nemi takardar lamba da ta tafiya, babu. Kafin su kammala neman takardun, jirgin ƙarshe ya tashi, aikin hajjin shekarar ya wuce su.

Ranar da jirgin ya tashi, Suwaiba ta tsaya a gaɓa tana kallon ruwan da ba ta ga iyakarsa ba. Ta ja rigar mahaifinta.

“Baba, mu ɗebi wannan mu kai wa Mamman.”

Maude ya dubi ruwan gishirin. Ya durƙusa a kan yashi, ya rufe fuskarsa da rawani.

Shekara guda suka yi suna tsinkar auduga a gonakin Sudan kafin suka sauke farali, suka kamo hanyar gida. Da suka shigo Yasore, mutane suka fito tarbar Alhaji da Hajiya. Inno ta tsaya a bakin zaure, ta dubi ɗanta, ta dubi surukarta, ta dubi Suwaiba, sannan ta leƙa bayansu. Sai ta juya ta koma ciki.

Jama'a, dogara ga Allah ba ta hana shiri. Kafin ka ɗauki yaro ka shiga doguwar hanya, nemi shawarar wanda ya san ta, ka kuma yi aiki da ita, don gangancin babba a jikin ƙarami yake ƙarewa.