Jerin tsutsotsi a Mina

Ina 'yar ƙarama Baba ya tafi da ni Mina bayan an yi ruwan sama. Aikinsa jagorar alhazai, amma ranar ba lokacin Hajji ba ne, tantuna duk wayam.

A gindin wata magarya na ga tsutsotsi masu gashi sun jeru, kowace tana bin bayan 'yar'uwarta. Na ɗaga takalmi zan murƙushe su.

"Kul, Uwata!" in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa nake da shi. "A Harami kike, ba a kashe su a nan. Tsuguna ki gani."

Ya nuna mini wani siririn zare da ta gaba ke shimfiɗawa, sauran na bi. Ya sa yatsa ya goge zaren a tsakiya. Nan take na baya suka rikice, suna ɗaga kai, suna dube-dube.

Baba ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. "Wallahi alhazaina ke nan in sun daina hango lemata!"

Na ce, "To ai ka ɓatar da su, Baba."

Sai ya tsinci kara ya ajiye musu gada. Ya durƙusa da farar jallabiyarsa cikin laka, yana kiransu da muryar aiki: "Yalla ya hajji, ta nan, ta nan!" Ba mu tashi ba sai da ta ƙarshe ta haye.

Yanzu Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni. In za mu masallaci, gefen mayafina yake riƙewa. Ni kuwa nakan waiwaya in ce, "Yalla ya hajji, ta nan." Har yau sai ya yi dariya.