Yawun Uwa

"Likita, faɗa min wa yas sa mai wannan abu," in ji tsohuwar.

A ganinta ta riga ta san amsar. Ranar da kumburin wuyan ɗanta ya kai ƙwan zabo, ita ta nuna maƙwabciyarta mai daddawa ta ce mayya ce. Mutanen Fakku suka sa matar ta tsallake shi a bainar jama'a, suka raka ta da jifa har hanyar Kebbe. Kumburin bai sace ba. Sai da fura ta gagari maƙogwaronsa aka kawo shi asibiti.

Likita ya ce ciwon dajin bayan hanci ne. A jinin ɗan nata an ga alamar halittar wata ƙwayar cuta, ita ce shaidar irin wannan daji.

"Ba wanda ya sa masa, Inna. Kusan kowa na ɗauke da ita, kaɗan take yi wa haka. Tun ana yara take shiga."

"Ta ina?"

"Ta yawu. Sau da yawa wurin mai tauna wa yaro abinci. Ba laifin kowa ba ne."

Gyaɗa, ƙuli, nama, babu wanda ya taɓa tauna masa sai ita.

Da la'asar ɗan nata ya miƙo mata kofin ruwa kamar kullum, murya a shaƙe. "Inna, yi min tofi."

Ta karanta addu'ar har ƙarshe. Ta dubi ruwan, ta tuna matar tana gudu babu takalmi. Sai ta haɗiye yawunta.