Garin da Babu Mai Haƙa Rijiya

Malamin En'e, ma'aikacin hukumar gargajiya, ya zo daga Tudun Wada, ya baje takardunsa a zauren mai gari.

"Ranka ya daɗe, gwamnati na shirin raya ƙasa. Ana son sanin masu sana'ar kowane gari: maƙera, magina, masu haƙa rijiya."

Mai gari ya rasa gane kan zancen. Ya san ƙidayar shanu, ya san ta kawuna, amma ƙidayar gwaninta bai taɓa ji ba. Abin da ya sani, lokacin yaƙi an ƙirga majiya ƙarfi, aka tafi da babban ɗansa haƙar kuza, har yau bai dawo ba.

"Mu nan manoma ne kawai," in ji shi.

"In na rubuta babu, simintin rijiyoyi zai wuce ku."

Aka kawo wa baƙo ruwa. Ya sha, ya lumshe ido. "Kai, sanyi! Wa ya haƙa rijiyar nan?"

Mai gari ya dubi wanda ya miƙo ƙwaryar, ɗansa ɗaya da ya rage, da ɗanyar lakar rijiya har gwiwa.

"Allah ya ba mu ruwa. Rubuta babu. Ba zan faɗi sunan kowa ba."