Gonar Gwadabe a Gaban Alƙali

Shekara goma sha biyu shanun Bubayero suna sauka a gonar Gwadabe ta Gafasa bayan girbi. Su ci kara, su bar masa taki. Babu takarda a tsakanin mutanen biyu, kuma babu wanda ya taɓa jin rashinta.

A daminar 1973 bijimai biyu suka ɓalle daga burtali, suka cinye wa Gwadabe kunya uku ta wake. Bubayero ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Magana ta kusa mutuwa.

Sai ga wata ƙungiyar kare manoma daga birni, cikin mota. Sun daɗe suna son kotu ta ce a matsar da burtali nesa da gonaki. Suna da hujja, suna da lauya. Manomi kawai suka rasa.

"Baba, ba don kanka ba ne," in ji lauyan. "Don manoman jiha ne gaba ɗaya. Kai dai dangwala nan."

Gaji, matar Gwadabe, ta ja shi gefe. "Malam, wake kunya uku ne fa."

"Ke Gaji, mutane sun taso tun daga birni saboda ni. In ce musu me?"

Ya dangwala.

A zaman farko alƙali ya ce kada saniya ta sake taka gonar har a gama shari'a. Aka ɗaga. Aka aiko mai awo ya auna, aka yi masa canjin aiki, wani ya zo ya sake aunawa. Ranar zama kuwa ba ta tashi faɗowa sai ciyawa ta fi ƙarfin gero. Gwadabe ya wuni a bencin kotu a Gaya, a ce masa lauya bai samu zuwa ba.

Bubayero ya gaji da sammaci. Ranar da zai kaɗa shanunsa gabas ya ce, "Ni da kai ba mu yi faɗa ba, Gwadabe. Takarda ce ta ce mun yi."

A shekara ta huɗu ƙungiya ta yi nasara, aka matsar da burtali. Aka yi walima a birni, aka ambaci sunan Gwadabe har sau biyu, ba a dai gayyace shi ba.

Gona kuwa ta zama rairayi, kuma babu sauran shanun da za su biyo ta nan. Rumbunsa ya ƙare tun kafin ruwan fari, ya shiga ƙwadago a gonakin sa'o'in 'ya'yansa.

Jama'a, idan aka zo aron sunanku don a kai ƙara, ku fara tambaya: in an ci, wa ya ci, kuma wa zai ɗauki wahalar? Abin da maƙwabta za su iya kashewa a zaure, kada ku bari baƙo ya kai muku shi kotu.